Bajon Aro

Ran nan jikana ya yanke hannu da lauje a gonar shinkafa, aka aika kemis aka sayo bandeji. A leda ya zo, fari fat, an naɗe shi tsaf kamar hannu bai taɓa shi ba, kuma lalle hannu bai taɓa shi ba, aikin inji ne. Uwarsa ta yaga ledar da haƙori, ta ɗaure masa, ragowar ta wurgar a bakin rariya. Ina zaune ina kallo. Sai can na ga hannuna na dama yana murza gefen zanena a kan cinya, yana naɗewa, babban yatsa yana dannawa, ba ni na sa shi ba. Shekara nawa rabona da wannan aiki, amma hannu bai manta ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na samu da girmana, tun waɗanda za su gaskata ni ba su ƙare ba.

Garinmu a da, da kunne ake fara gane shi. Tun kana nesa, kafin ka hango rimaye, za ka ji bugu, ƙaf-ƙaf, ƙaf-ƙaf, mabuga suna dukan rinannen turkudi a kan gungume, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, daga hantsi har la'asar sakaliya. Idan iska ta juyo sai ta kawo maka warin baba daga marina, warin da baƙo ke toshe hanci saboda shi, mu kuwa in mun yi tafiya shi muke kewa. A cikin gida kuma ƙarar ƙarfe a kan magurji ana raba auduga da angurya, tsirkiyar shiɓa tana ƙugi, mazari yana juyi, tsofaffi suna dangwalar alli suna ba da labarin mutanen da suka mutu tun ba a haife mu ba. Yanzu in na fito tsakar gida injin ban ruwa nake ji, da injin casar shinkafa, da babura. Gonakin da suke yin fari da auduga bayan kaka duk ruwan kanal ya ratsa su. Ban ce ba a samu alheri ba. An ci alkama, an sayar da tumatir, an yi rufin kwano. Amma a unguwarmu kaf babu yarinya guda da za ka miƙa wa mazari ta san ta ina ake riƙe shi.

Maigidana marini ne, ɗan autan uwarsa. Hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, farcensa kuwa ya rine har ya koma baƙi-baƙi, ko ranar Salla haka yake. Da yaƙin basasa ya yi nisa ana ta ɗaukar soja, ya bi wani abokinsa birni, sai saƙo muka samu cewa ya shiga. Ina da cikin wata huɗu a lokacin. Wasiƙa biyu ta zo, malamin makaranta ya karanta mana, daga nan shiru. Na haihu, aka yi suna babu shi. Yarinya ta zauna, ta yi rarrafe, ta fara dafa bango. Rannan rediyon ƙofar gidan dagaci ta ce yaƙi ya ƙare, aka yi ta guɗa. 'Ya'yan mutane suka fara zuwa ganin gida ɗaya-ɗaya, wani da rediyo a kafaɗa, wani da sanda a hammata. Namu babu shi, babu labarinsa.

Ni kuwa dama mai fargaba ce. In yarinyar nan ta yi barci mai nauyi sai na kai yatsa bakin hancinta. In ta yi tari sau biyu na fara kuka. Gani nake ita kaɗai ya bar min, in ta suɓuce ban san abin da zan ce masa ba. Kuma duk wannan a ɓoye nake yi, don 'yar fari ce, ba a nuna sonta a gaban mutane, ko sunanta ba na faɗa. Shi ma haka. A zamaninmu mace ba ta kama sunan mijinta, sai dai ta ce maigidan, ko shi, ko uban wance. Tun da aka kai ni gidansa sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Yau ina jin jikokina mata suna ƙwala wa mazansu kira a waya kamar suna kiran ƙannensu.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar asibiti ta zo daga birni a mota, doguwa, mai farar riga, kowa Sista yake ce mata. Ta gaya wa dagaci cewa yaƙi ya ƙare amma raunuka ba su ƙare ba, har yanzu jirgin ƙasa yana kawo masu rauni, asibiti kuma babu abin ɗauri. Tana son mata masu aikin sa-kai. Tunda a cikin gidan dagaci za a yi, maza suka yarda. Surukata, wadda nake kira Inna, ita ta ce in je, ko zuciyata ta samu abin yi.

Aikin ba wuya gare shi ba, ƙa'ida gare shi. A wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a yanke farce, ba lalle, ba cin goro, ba ɗora yaro a cinya. Bandir na farin yadi ake kawowa. A auna faɗin yatsa huɗu, a ɗan tsaga da almakashi, a ja. A zare zaren da ya yi gashi a gefe, a dafa a babbar tukunya, a shanya a igiya can sama inda kaza ba ta kaiwa, sannan a naɗe a kan faranti, da ƙarfi, ba ƙulli. Wasu kuma suna gurza auduga, su shiɓe ta, su mulmula ƙanana kamar ƙwan kurciya, na goge ciwo. Sista tana zagayawa tana cewa, "Ƙwayar cuta ba ta sallama, ku dai ku wanke hannu." Abin da ba zan manta ba shi ne ranar farko, da aka ja yadin nan ya yi ƙyaaat. Tsakar gidan ta yi tsit. Duk macen da ke wurin ta san wannan ƙara, kuma ta san a gida irin wanne ake jin ta. Farin yadi, a yage shi, ba ƙulli. Tsofaffi suka dubi juna, wata ta yi salati a hankali, aka ci gaba.

Kusa da ni maƙwabciyarmu Yaya Ladi take zama, bazawara mai tuyar ƙosai, bakinta ya fi reza. Ita ba ta da kowa a soja, ta ce zaman gida ne ya ishe ta. Ita ta fara gaya min zancen bajo. Wani ɗan ƙarfe ne zagayayye, mai allura a baya, da rubutun boko a jiki. Duk wadda ta yi kwana arba'in tana aiki ba fashi ba laifi, za a maƙala mata.

"Murfin kwalba ne kawai aka yi wa fenti," in ji ta. "Amma kin san amfaninsa? Masu shi suke raka kwalaye asibiti. Maigadi na ganinsa a ƙirjinki zai buɗe. Har ɗakin da sojojin suke kwance ake shiga."

Na ce, "Har ciki, Yaya?"

"Har ciki mana. Rufe bakin, kada ƙuda ya faɗa, Sista ta ce mun ɓata aiki."

Daga ranar ban sake tunanin komai ba sai bajon nan. Ko maigidan yana cikin sojojin, ko wani a cikinsu ya san inda yake. Kullum ni ce ta farkon zuwa, da goyona. Nawa naɗin ya fi na kowa tauri, har Sista tana ɗagawa tana nuna wa mutane.

Inna ce abin ya tsaya wa a rai. Kullum na dawo sai ta tambaye ni yadda aikin yake, in na faɗa sai ta girgiza kai. Rannan ta ce, "'Yar nan, ɗan mutum yana kwance tsakanin rai da mutuwa, ya buɗe ido ya ga an nufo shi da farin ƙyalle tas, me zai zo masa a rai? Wannan ai mugun fata ne. Mu da muka tashi, ba a kai wa majiyyaci fari sai an karya shi da wani launi."

Na ce, "Inna, Sista ta hana a sa komai."

"Sista ta haifi soja?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan kasko na shuni, ragowar wanda ɗanta ya bari. Ta ce ba da yawa ba, bakin ƙyallen kawai, gaɓar yatsa ɗaya, ta can ciki inda naɗi zai rufe. Na san an hana. Amma uwarsa ce, kuma ban ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ta raya min cewa in Allah ya sa aka warware a kansa, zai ga shunin garinsu ya san ana nemansa. Na ƙulle ɗan shunin a gefen zane, mako guda ina dangwalawa a ɓoye.

Saura kwana uku in cika arba'in, Sista ta zo duba kwali. Al'adarta ta ɗauki guda ɗaya ta riƙe baki ta wurga, ya warware a iska. Ta ɗauka, ta wurga. Wallahi har yau ina ganin abin. Shunin garinmu ai zuba yake yi, don haka ma Buzaye suke sayen turkudinmu, ya shafe musu jiki. Bai tsaya inda na sa shi ba, ya bi naɗin ya huda, tabo bayan tabo, kusan rabin ƙyallen. Ta ɗauki wani, lafiya. Ta ɗauki na uku, shuɗi.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kowa ta miƙo hannunta." Muka miƙa. Ta tsaya a kaina. Sabulun duniya ba ya fitar da shuni daga gefen farce, matar marini ta fi kowa sani.

"Me ya sa?"

Na ce, "Don kada su ga kamar likkafani ne."

Ta ce, "Wannan a kan buɗaɗɗen ciwo za a ɗora shi. In ya ruɓe, ƙafar mutum za a yanke. Kin gane?" Ta sa aka juye kwalin gaba ɗaya, aikin mata na mako guda, a warware a sake dafawa. Nawa aka ware, za a yi tsumman goge ƙasa da su. Ni kuma ta ce in fara ƙirga kwanakina daga farko. A ranar kuma muka ji cewa kai kayan da za a yi asibiti wannan karon shi ne na ƙarshe, an fara samun na kamfani, aikinmu ya zo ƙarshe.

Matan ba su zage ni ba, amma har aka tashi babu wadda ta yi min magana. Da na gaya wa Inna, ta zauna a bakin murhu, ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Washegari da sassafe na ga ta yafa mayafi ta tafi gidan babban ɗanta, ta dawo ta ce ya yarda in je birni in an samu hanya. Ashe sun ƙulla da Yaya Ladi. Ita ta samu bajonta, ita kuma ta je ta gaya wa Sista cewa yarinyata tana tari, a rage mana hanya a duba ta.

A ƙofar asibiti motar ta tsaya, aka fara sauke kwalaye. Yaya Ladi ta ja ni bayan motar, ta cire bajon ta soka min a riga, har allurar ta taɓa ni.

"An ce kayan aro ba ya rufe katara," ta ce, "to yau dai zai buɗe ƙofa. Kwanto yarinyar, ba a shiga da goyo."

Tun da na haife ta ban taɓa barin ta a hannun wani na ɓace mata ba. Na ce, "Yaya, in ta yi kuka fa? Ba ta saba ba. Kada ki ba ta ruwan nan na famfo."

"In ta yi kuka in mare ta, in kin fito ki rama. Wuce, malama."

Maigadi bajon ya kalla, bai kalle ni ba. Sista ce ta kalle ni. Ta dubi ƙirjina, ta dubi Yaya Ladi can tana jijjiga yarinya, ta ce, "Ɗauki kwalin can ki biyo ni. Kada ki taɓa kowa."

Ɗakin dogo ne, gadaje hagu da dama, warin magani da wani wari a ƙarƙashinsa wanda maganin bai iya rufewa ba. Maza ne birjik, kowane yare ana yi. Wani ba ƙafa, wani ba hannu, wani an naɗe masa kai da fuska sai hanci da baki. Wasu sun rame har uwarsu ma sai ta duba sau biyu. Na ga fuska ba za ta fisshe ni ba, kuma ni ban saba kallon maza a ido ba. Sai na ce a raina, hannu zan duba. Ina ajiye bandeji a ƙarshen kowane gado, ina satar kallon farce. Na bi layin dama har bango, na juyo na bi na hagu. Babu shuɗi ko ɗaya.

Wani mai ƙafa ɗaya, yana zaune ya jingina da matashi, ya ce, "Baiwar Allah, duba kike yi mana ne? Tun ɗazu hannuwa kike leƙe. In kin ga arziki a nawa ki faɗa min." Hausarsa irin ta wajenmu ce, daga baya ya ce shi mutumin Madobi ne.

Na sunkuyar da kai na ce, "Marini nake nema. Hannunsa shuɗi ne."

Ya yi dariya, sannan ya daina. "Yaushe ya shiga soja?"

"An kusa shekara biyu."

"Haba, ƙanwata. Farce ai tsiro yake. Wata uku da barin marina hannunsa zai koma irin nawa."

Ni da na lura da komai, wannan bai taɓa zo min a rai ba. Ban taɓa ganinsa da farin hannu ba, ban san yana da shi ba.

"Faɗi sunansa," in ji shi, "a tambaya miki."

Na ce, "Uban yarinyata ne."

"Duk nan uban yarinya ne."

"Ɗan autan Inna, na unguwar marina."

"Ƙanwata, soja ba ya amsa ɗan autan Inna. Suna za ki faɗa."

Na ji Sista daga bakin ƙofa tana cewa a fito, mota za ta tashi. Na buɗe baki, na rufe. Sannan na faɗa, can ƙasa-ƙasa, sunansa da na mahaifinsa. Karo na farko ke nan a rayuwata. Mutumin ya ɗaga murya ya maimaita, ya haɗa da sunan garinmu. Na gaba ya karɓa ya miƙa, har waɗanda ba Hausawa ba suna faɗa a karkace. Ina tsaye ina jin sunan da na ɓoye shekara uku yana yawo daga gado zuwa gado.

Can kusa da ƙofa wani ya ɗaga hannu. Na riga na wuce shi ɗazu, na duba farcensa na yi gaba. Na je na durƙusa a gefen gadon. Bai kalle ni ba, rufin ɗaki yake kallo.

"Wanda in ana jiran abinci yake buga cokali a kwano, ƙaf-ƙaf, ya ce haka garinsu yake yi?"

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Tun kafin azumin bara. A bakin wani kogi ne. Mu huɗu muka yi masa salla." Sannan ya ce, "Bai sha wuya ba." Yadda ya ƙara ƙura wa rufin ido na san wannan ta ƙarshen kyauta ce ya yi min, na kuma karɓa. Har na miƙe ya ce, "Ya ce ya bar matarsa da ciki. Me aka samu?"

Na ce, "Mace."

"Allah ya raya ta."

Da na fito Yaya Ladi ta dubi fuskata sau ɗaya. Ba ta tambaye ni komai ba, mai bakin nan. Ta cire bajon da hannunta, ta ɗora min yarinyar a baya, ta ɗaure min zanen goyon kamar ni ce yarinyar.

Yanzu in mutum ya mutu a Legas, kafin a wanke shi an ji a Bunkure. Mu a lokacin mutum sai ya shekara a ƙasa ana ajiye masa tuwo. A hanyar dawowa na ga katafiloli suna haƙa babban kanal, jar ƙasa tsibi-tsibi a inda gonakin auduga suke, matan cikin motar suna ta nuni suna mamaki. Ni ina ta juya yadda zan gaya wa tsohuwar nan. Na gwada magana goma a raina, babu wadda ta zauna.

La'asar ta yi muka iso. Inna tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ta fuskanci ƙofa, da alama tun safe take nan. Na yi sallama, ta amsa, idonta a bakina. Na durƙusa a gabanta. Na cire ɗan kunnen dama, na cire na hagu, na zare awarwaro biyun da ke hannuna, na kamo tafinta na zuba mata.

Ta dube su. Ta rufe hannun a hankali, ta yi salati sau uku. Yarinyar ta fara kuka a bayana.

"Kwanto ta," in ji Inna. "Ba ta nono tukuna. Sai mu aika a gaya wa maza."